Takalman Furera

Jikata ta kawo min hoton a wayarta,
ta ce, "Iya, ga amaryar da ake ta magana,
wai Katsina ba ta sake yin irinta ba."
Na ce miƙo min tabarau.
Ban tsaya kan fuskar ba, ƙasa na duba.

Saura shekara huɗu a karɓi mulkin kai aka yi shi.
Kwana bakwai ba a hura wuta a unguwarmu ba,
tukwanen gidansu ne suka ci da mu
har da baƙin da aka sauke a Rafin Daɗi.
Alkaki a fanteka, nakiya har ta gundure yara,
garmaho na ta rera waƙa a soro
sai da hannun mai murɗa shi ya sage.
Zabiya ta yi guɗa har murya ta dushe,
aka ba ta zuma da citta, ta dawo fage.

Furera, 'yar sarauta za ta gidan sarauta.
Karan-miski ruwan goro,
murjani zagaye uku, warwaron azurfa har gwiwar hannu,
lallen Gwaggo Tabawa da ya kwana cikin zunguru.
In ta ratsa tsakar gida da hantsi
sai la'asar turarenta ke sallama.
Matar Razdan ma ta zo, aka sa mata kujera,
ta bi ta da ido har shayinta ya huce.

Sai dai takalman.
Daga Ikko aka aiko su cikin kwali,
masu tsini, ruwan zinariya,
wanda ya saya bai taɓa ganin ƙafarta ba.
Muka shafa man shanu, muka shafa sabulun salo,
dunduniya ta ce ba ta san zancen ba.
A waje Lasisi mai hoto ya riga ya shige baƙin ƙyallensa,
rana na neman karkata,
jakadiya na dukan ƙyaure.

Sai Furera ta tuntsire da dariya,
irin wadda ake cusa gyale a baki
kada a ce amarya ba ta da kunya.
Ta ce, "Lantana, tuɓe naki."

Nawa fa!
Faɗe na sule biyu da sisi, ɗinkin dukawan kasuwa,
na hagun ma an taɓa yi masa faci.
Ta zura, ta saki zane ya sauka,
ta fita tana taku ɗai-ɗai,
mata na cewa ai tafiyar 'ya'yan sarauta daban take.
Ni kuwa ina bayan Lasisi, ƙasa na gasa min tafin ƙafa,
rungume da kwalin Ikko kamar jinjiri.

Ba ta mayar min ba.
Shekara arba'in da ɗoriya ina bin ta,
a gidan suna, a gidan makoki,
har a gadon asibiti na tuna mata.
Ta ce, "Bashi hanji ne, Lantana, ki bari sai na warke."
Da damina aka kai ta.

Lasisi ya tafi, Gwaggo Tabawa ta tafi,
angon da zabiyar, duk sun riga mu.
Na Ikkon gara ta cinye su a adakata,
ba su taɓa taka ƙasar Katsina ba.

Yanzu yara na yaba sarƙa, suna yaba ido,
suna gardamar ko nawa aka kashe.
Na ce wa jikata, "Buɗa min nan da yatsunki,
a'a, ƙasa, bakin zanen."
Ta buɗa. Hoton ya yi dishi-dishi,
amma ga shi nan, ɗan facin, yana leƙowa.
Ta ce, "Iya, me kika gani kike dariya?
Iya, kuma mene ne na hawaye?"